Sabis ɗin farko a wurin dila ya kayar da ni da 'yata: in koma musu ko in haƙura da garanti?

Baban Ilham, Rigachikun:

Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema, musamman daga bakanikawa da waɗanda suka daɗe suna riƙe da babur.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Rigachikun ina koyarwa a wajen Unguwar Dosa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin albashina. Na daɗe ina lissafi, daga ƙarshe na ci bashin adashin malamai na sayi babur sabo a kwali, mai cc 100, a kan kuɗi sama da naira miliyan ɗaya. Duk wata ana cirewa a albashina, kuma sai an shekara biyu ana cirewa. Da gangan na ƙi saya a hannun 'yan kasuwa duk da nasu ya fi sauƙi, na tafi wurin dila mai allo da ofis da gareji a baya, ba don komai ba sai don garanti. Ba zan kama sunan wurin ba.

Sun ba ni littafin sabis, suka ce in kawo shi kafin ya wuce kilomita 750, aikin hannu kyauta ne, baƙin mai kawai zan biya. Na lallaɓa shi kamar ƙwai, ban taɓa wuce 45 ba, ban taɓa goya babban mutum ba. Yana 610 na kai shi, ranar wata Asabar da ƙarfe tara na safe. Na so in tsaya a kan aikin, aka ce ba a shiga gareji, in zauna a benci a waje. Babura sun fi ashirin a layi. Sai bayan azahar aka turo min shi, an wanke shi tas yana ƙyalli, aka buga hatimi a littafi, na biya kuɗin mai na kama hanya.

Washegari da asuba zan fita masallaci sai na ga ɗigon baƙin mai a simintin zaure, daidai ƙarƙashin injin. Ranar Litinin da aka tashi makaranta na mayar. Wani yaro ya sa tsumma ya goge, ya ce wanda ya zube lokacin juye mai ne, zai daina. Bai daina ba. Kullum na tashi sai na tarar da sabon ɗigo.

Kwana tara da sabis ɗin, da safe, ina goye da 'yata mai shekara bakwai, mun kusa Kawo sai wani mai Keke Napep ya tsaya a gabana ba zato. Na taka birkin baya, sai na ji ƙafata ta nutse, wani ƙarfe ya yi ƙwaram, tayar baya ta ƙame. Muka zame muka faɗi a gefen titi. Ni gwiwa da gwiwar hannu na ƙuje, ita leɓenta ya fashe. Duk wanda ya san titin Zariya ya san yadda tireloli suke a wannan lokacin. Wadda ke bayanmu da ƙyar ta kauce. Har yanzu idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Wani bakanike na bakin titi ne ya taimake ni muka ja babur ɗin zuwa rumfarsa. Ya nuna min sandar da ke riƙe faifan birkin baya tana reto, babu noti babu fin. Ya ce ana sassauta notin nan in za a ja cen, wato sarƙar babur, wanda ya sassauta bai mayar ya ɗaure ba. Ya sa wani noti da fin, ya miƙar da ƙarfen birkin da ya lanƙwashe. Da na ba shi labarin ɗigon mai, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya kira ni ya nuna min farin tef irin na masu gyaran famfo yana leƙowa a bakin notin juye, wato notin ƙasan inji da ake kwancewa a zubar da tsohon mai. Ya ce Malam ba zan taɓa wannan ba, kai musu abinsu.

Na kai. Manaja ya saurare ni, ya yi min jaje, sannan ya ce tunda wani a waje ya sa wa babur ɗin sifana, garanti ya faɗi. Na ce Yallaɓai, da in bar shi a tsakiyar titi taya a ƙame, yarinya tana jini? Ya ce ka'ida ce, ba shi ya yi ta ba.

To ga ni nan, gaba kura baya sayaki. In koma musu, hannun da ya kayar da ni shi zai sake kama babur ɗin. In kai wani wuri, na tabbatar musu da maganarsu. Notin juyen nan yana gyaruwa kuwa? Kuma akwai inda talaka yake kai irin wannan ƙara a saurare shi?

Tsohon Bakanike, Panteka:

Wa alaikumus salam Malam. Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, ya ba yarinya lafiya. Shekarata talatin da wani abu ina wannan sana'a, kuma ɗana ne yake rubuta min abin da nake faɗa, don haka a yi haƙuri da tsawonsa.

Wanda ya gyara maka birki ya faɗa maka gaskiya. Birkin kwano in ka taka, faifan yana so ya bi taya ya juya, sandar nan ce kaɗai take hana shi. Shi ya sa kamfani bai yarda da noti kaɗai ba, sai da ya huda kusar ya sa fin mai baki biyu. Fin ɗin nan ko kuɗin ruwan leda biyu bai kai ba. Yaro ya cire shi ya yar a ƙasa, ya ji ƙyuyar nema, ran mutum ya koma rataye a kan noti guda da aka murɗa da yatsa. Ni yaron da ya yi min haka a gareji, ranar zai koma gidansu.

Sai maganar notin juye, wadda ita ta fi damuna yanzu. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam ne, mai taushi. Akwai ɗan washa a tsakaninsu da ake so a canza in ya lotse, shi yake tare mai, ba ƙarfin ɗauri ba. Yaran yanzu ba sa canza washa, sai su zura bututu a sifana su danna da ƙafa. Ko kuma su fara ɗaura shi a karkace da sifana maimakon su fara da hannu. Ko wanne aka yi, tiredin alminiyam, wato zaren ramin da noti yake bi ya ɗauru, shi ne yake tafiya. Wanda ya naɗa farin tef ɗin nan ya ji lokacin da notin ya sake a hannunsa. Ya sani sarai, ɓoyewa ya yi.

Yana gyaruwa, kada hankalinka ya tashi. Hanya uku ce. Ko a yanka sabon tiredi mai ɗan faɗi a sa noti babba, ko a dasa masa tiredin waya wanda muke kira helikoyil a mayar da noti irin nasa na asali, ko a canza wannan ɓarin kirankes ɗin, wato gangar jikin inji, gaba ɗaya. Ni na biyun nake zaɓa in naman wurin bai tsage ba. Na ukun sai an sauke inji an farke shi ɗaiɗai, kuma inji sabo ban so a farke shi a hannun da bai iya ɗaura noti ɗaya ba. Ga kuma wani abu: a yawancin baburan nan lambar inji a jikin kirankes aka buga ta. In ɓarin mai lambar aka canza, takardunka sun saɓa da babur ɗinka, ka shiga wata rigimar da jami'an hanya. Kada ka yarda a liƙe da gam, kada ka yarda a yi walda.

Kafin a gyara, kullum da safe ka ɗora shi a kan babbar tsayuwa a wuri mai daidai, ka zare geji ka duba mai. Man da ke cikin injin nan gaba ɗaya wajen lita ɗaya ne, shi ke shayar da fiston, shi ke shayar da giya, shi ke jiƙa kuloci. In notin ya fice kana tafiya, kafin ka ankara man ya ƙare, inji ya buga, kuma man a gaban tayarka ta baya zai zube. Kada ka goya yarinya a kai sai an gyara. Kada ka je Zariya da shi.

Tambaya ɗaya Malam: da suka ba ka shi, ka ji ƙarar kan injin ta canza? Sabis ɗin farko ana duba tafet, wato 'yar tazarar da ake bar wa bawul a kan inji, kuma sai inji ya huce sarai ake aunawa da fila geji, siririn ƙarfen awo, wajen milimita 0.05 a yawancinsu. Wurin da babur ashirin ke layi ba na jin ana jiran inji ya huce. In sun matse shi zai riƙa wuyar tashi da safe, gaba kuma ya ƙona bawul. In ba su taɓa ba ma, da sauƙi.

Abu Hanif, Kakuri:

Malam sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Baba na Panteka ya gama magana a kan gyara. Ni zan faɗa maka yadda cikin garejin yake, don na yi shekara huɗu ina aiki a irin wurin kafin in koma gyaran janareto.

Babur a kwali yake zuwa, ba a haɗe ba. Tayar gaba daban, kan babur daban, kujera da madubi da batir daban. Mu ake ba mu haɗa, kuma da yawan wanda ka haɗa ake biyanka, ba da kyawun haɗin ba. Ranar da babban mai saye ya zo ɗaukar talatin ko hamsin zai kai ƙauye, kowa gudu yake. Boris ɗin wuya ba ya samun giris, sifok ɗin taya ba a bi ɗaya bayan ɗaya, wayoyi a cusa su bayan fitila yadda suka samu. Sabis na kyauta kuwa shi ne maraya. Riba a wurin sayarwa take, wanda ya dawo da littafi ya riga ya biya, don haka sai a tura wa ƙananan yara. A wurinmu oga ɗaya ne ya je horon kamfani, takardarsa na rataye a ofis, amma shi yana kan manyan ayyuka masu kuɗi. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri muna da ita guda ɗaya, tana cikin kwalinta a durowar oga. Notin juye na irin waɗannan ƙananan injuna awon ƙarfin ɗaurinsa tsakanin Nm 20 da 25 ne, ɗauri ne na hannu ɗaya da gajeriyar sifana. A shekara huɗun nan ban ga an auna shi ko sau ɗaya ba.

Kuma da idona na ga yadda hannaye suka watse. Da aka yi dokar hana acaɓa a cikin garin Kaduna a 2014, zamanin Gwamna Ramalan Yero, ƙwararru da yawa da na sani sun koma gyaran Keke Napep, wasu sun bi babura zuwa ƙananan hukumomi. Ba su dawo ba.

Ba ina wanke yaran ba ne, abin da aka yi maka ganganci ne da rai. Amma ka sani yaron da ya kashe tiredin in ya faɗa, a kuɗinsa za a cire, wata ƙila kuɗin wata guda. Shi ya sa ya ɗauko tef. In oga ba ya duba aiki kafin ya fita, kuma yana cin tarar wanda ya faɗi gaskiya, haka za a yi ta yi.

Shawarata, kada ka tsaya a kan manaja. Dila daban, kamfanin da ke shigo da babur ɗin daban, kuma dila yana shakkarsu don su suke ba shi kaya. Duba bayan littafin sabis ɗinka, akwai lambar wayar kamfanin. Sannan ka nemi a ba ka katin aikin ranar, a nan ake rubuta abin da aka yi da wanda ya yi. In za ka sake kai sabis, kada ka je Asabar. Je Talata ko Laraba da sassafe.

Maman Yusra, Unguwar Rimi:

Innalillahi. Malam yaya jikin yarinyar? Uwarta fa, Allah ya ba ta haƙuri.

Ni babura biyu gare ni da yara ke kai wa mutane abinci ofisoshi. Gaskiya ban yarda da masu cewa ka koma ba. Nawa na farko sau biyu na kai wa dila, na biya kuɗin sabon fulogi da matatar iska, muka dawo gida yarona ya buɗe ya ga tsofaffin ne aka wanke. Tun daga ranar na yafe garanti. Na sami bakanike ɗaya mai tsoron Allah a unguwarmu, shekara uku ke nan ko sau ɗaya ba a sauke min inji ba.

Abin da nake yi, baƙin mai ni nake saya da kaina a rufe, a buɗe a gaban yarona. Duk abin da aka ce za a canza, ina ɗiga masa jan farce tun a gida, kuma a dawo min da tsohon a leda. Da hunturu kuwa duk sati biyu sai an wanke soson matatar iska, don ƙurar Kaduna ba ta barin inji. Garantin da in ka zo nema sai an samo maka laifi, me za ka yi da shi?

Ɗan Hayin Banki:

Hajiya ke kin yi dace ne. Na bakin titi ma akwai masu kashe babur. Ni wani ya zuba min man mota a nawa, kuloci ya riƙa zamewa a hawan gadar Kawo, inji na ihu babur ba ya tafiya. Kulocin babur a cikin mai yake, sai man da aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Kuma in sabon inji ya zo da lahani daga masana'anta, wa zai biya in ba garanti?

Ma'aikacin Kotu, Malali:

Malam Allah ya kiyaye gaba. Ni ba lauya ba ne, rajistara nake aiki, amma na ga an haɗa maka magana biyu wuri guda don a rufe maka baki.

Garanti alkawari ne a kan lahanin da babur ya zo da shi daga masana'anta. Kai ba wannan ka je nema ba. Ɓarnar da hannunsu ya yi ka je nema su gyara. Ko da a ce garanti ya faɗi, wanda ya karɓi kayanka lafiya ya lalata, gyara na wuyansa. Kuma wanda ya taimake ka birki ya taɓa, bai taɓa notin juye ba. Kada ka bari kowa ya kwance shi sai a gabansu, shi ne shaidarka.

Ka daina zuwa da baki. Rubuta takarda shafi ɗaya: ranar saye, lambar inji da ta firam, ranar sabis da kilomita, ranar da ka dawo da ƙorafin ɗigo, ranar faɗuwa, da abin da kake so a yi maka. Ka haɗa da hoton tef ɗin, hoton sandar birki, kwafin rasit da shafin da suka buga hatimi, da katin asibitin yarinya in kun je. Kwafi biyu, su sa hannu a ɗaya ka riƙe. Ka ba su kwana bakwai.

In sun yi shiru akwai hukumar tarayya ta kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Dokar ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi da inganci, in an gaza a gyara ko a mayar masa da wani abu daga kuɗinsa. Ana shigar da ƙorafi ta shafinsu na intanet. Ka ambaci sunan hukumar a layin ƙarshe na takardarka, cikin ladabi.

Baban Ilham, Rigachikun:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, jiki da sauƙi, leɓen ya warke. Amma ta ƙi yarda ta hau babur, ko tayar da shi na yi sai ta ɓuya bayan uwarta. Yanzu a Keke Napep take tafiya tare da 'ya'yan maƙwabcina, ga kuɗin keke ga bashin babur. Wannan ya fi ciwon gwiwar damuna.

Na bi shawarar Yallaɓai na kotu. Na rubuta takardar, hedimastanmu ya duba min, na kai ranar Litinin, na kuma kira lambar da Abu Hanif ya ce. Jiya Laraba manaja ya kira ni da kansa. Wannan karon an bar ni na shiga gareji. Ogansu ne ya kwance notin a gabana, ya fito da tef a naɗe, ga tiredin alminiyam ya biyo shi kamar zaren waya. Ogan ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba, sannan ya aika a kira yaron. Ba zai wuce shekara sha bakwai ba, sa'an ɗaliban da na yaye ne. Jikinsa na rawa ya ce tsoro ya ji. Na roƙi kada a kore shi, a tsaya a koya masa, kuma na faɗa wa manaja a gaban kowa cewa wanda ya sallami babur ba tare da ya duba birki ba shi ya fi yaron laifi.

Sun yarda za su gyara a kuɗinsu, amma sun ce sabon tiredi za su yanka su sa noti babba, ba su da helikoyil. Maganar garanti kuma manaja ya ce da baki tana nan, na ce a rubuta min a littafi, ya ce sai mai wurin ya dawo daga tafiya. Babur ɗin yana can, ban yarda an fara ba. Baba, eh, yana wuyar tashi da safe tun bayan sabis, sai na buga kik biyar ko shida. In bari su yanka, ko in sayo helikoyil ɗin in kai musu?

Tsohon Bakanike, Panteka:

Bari su yanka in ogan ne zai yi da hannunsa, yana riƙewa in an yi shi a miƙe. Ya cika ramukan tap ɗin, wato ƙarfen yanka tiredi, da giris don ya kwaso ɓarɓashi, yana shiga kaɗan yana fitowa yana gogewa. In ya gama a zuba mai kamar rabin lita a bar shi ya wuce ta ramin kafin a ɗaura noti, a ciro rariyar mai a wanke, a sa sabon washa. Tafet kuma tunda ya kwana a wurinsu inji ya huce, ka je ƙarfe takwas kafin kowa ya tayar da shi, a auna a gabanka. Kafin ka hau, tsuguna ka ga fin ɗin sandar birki da idonka, bakinsa biyu a buɗe.